Irin Jikin Gidanmu

Levenshulme, 4 ga Maris

Assalamu alaikum Yaya Bara'u,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Su'ad. Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Physio, mai gasa mini jiki a asibiti, ita ce ta ce in riƙa motsa hannun dama da biro kullum, ga shi a waya har yanzu bakina na harɗewa, sai ka yi ta ce mini "iye?" Shi ya sa zan dame ka da wasiƙa.

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jikina, jiya kuwa na taka daga flat har Stockport Road ba sanda. Zan warke da izinin Allah, wannan ba na ko shakka.

Maƙwabciyata Rachel ta kai ni wurin wata mai maganin gargajiyar China, Madam Leung. Ta sa na fito da harshe, ta taɓa bugun jini a hannayena biyu, ta yi mini tambayoyi har da yadda nake gumi. Ta ce a iliminsu jikin mutane iri tara ne, nawa shi ne mai yawan danshi da majina: nauyin jiki, teɓa, gyangyaɗi bayan cin abinci, son maiƙo da zaƙi, minshari. A fahimtarsu, in ji ta, mai irin wannan jikin ya fi zama cikin haɗarin hawan jini da shanyewa, kuma abin yakan bi dangi. Yaya, tana lissafawa, ni kai nake gani. Yaushe rabonka da awon jini?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Batulu

*

Erdington, 11 ga Maris

Wa alaikumussalam Batulu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun yi murna da jin tafiyarki. Allah Ya ƙaro sauƙi.

Sai dai zancen matar nan bai kwanta mini ba. Ina jin tsoron ki ajiye maganin asibiti ki koma shan saiwoyi. Ni injiniya ne, abin da aka auna aka ba ni lamba shi na yarda da shi, ba kallon harshe ba. Game da ni kuwa, kada ki damu. Teɓa girkin Su'ad ne, shekara ashirin ban kwanta asibiti ba.

Ki kula da kanki. Wassalam.
Yayanki, Bara'u

*

Levenshulme, 16 ga Maris

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa a gurguje, yau ba ni da lokacin tsawaita ta.

Ko ƙwaya ɗaya ban tsallake ba. Garin maganin da Madam Leung ta ba ni na kai wa GP, likitana, ya ce kada in haɗa shi da maganin tsinka jini. Da na mayar mata ta ce, "Bi maganarsa." Allurai kawai take tsira mini, ta koya mini motsa jiki a hankali, ta ce in rage soye-soye. Saboda haka ka kwantar da hankalinka a kaina.

Anti Su'ad na zaune a gabana yanzu, ta zo duba ni, tana kuka. Ta gaya mini shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunka, maganarka ta harɗe kusan minti goma, sannan ta dawo. Ta ɗauki waya za ta kira 999 a turo motar asibiti, ka ce, "Ajiye, gajiya ce."

Bari in faɗa maka abin da ban gaya wa kowa ba. Mako biyu kafin in faɗi, ni ma haka ta same ni a ofis. Hannuna ya mutu, ya farfaɗo, na sha ruwa na ci gaba da aiki. Da na je asibiti a ranar, wataƙila da ba a yi wata biyu ana sa mini riga ba.

Anti za ta miƙa maka takardar nan hannu da hannu. Kana gama karantawa ku wuce sashen gaggawa na asibiti, A&E, ita za ta tuƙa. In ka ƙi, gobe na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly da wannan ƙafar da nake ja, in zauna a ƙofar gidanka har sai ka fito. Ka san zan aikata.

Allah Ya tsare mana kai.
Batulu

*

Erdington, 29 ga Maris

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa, mun je. Jinina ya kai 196. Hoto ya nuna jijiyar wuyana ta kusa toshewa, an yi mini aiki, shekaranjiya aka sallame ni da hannuna da ƙafata da bakina. Likitar ta ce abin da ya same ni gargaɗi ne, babban na tafe a baya. Su'ad na yafe mini a hankali. Ke ma ki yafe mini.

Ɗazu na kira autanmu Ishaq a Kano, na ce ya je a auna shi. Yana cin ƙosai yana yi mini dariya. Ni bai ji maganata ba. Ke ki rubuta masa.

Na gode. Wassalam.
Yayanki, Bara'u