A Littafinsu Ba Ta Mutu Ba

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida. Jikarka ta fara rarrafe, haƙora biyu sun fito, komai ta samu sai baki.

Auta, sai ranar Laraba na gane abin da aka yi wa 'yarka, marigayiya. An tara mu matan unguwa a asibitin awo, kan bencinan nan masu rawa, wai masu bincike daga jami'a za su faɗa mana sakamako. Wata malama mai tabarau ta haska zane a bango. Ta ce sun haɗa littattafan asibitoci da na ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, mata dubu ɗari da ɗoriya, na'ura ta tace su. Wai unguwarmu ta ciri tuta, shekara uku babu mace ɗaya da ta rasu wajen haihuwa. Mata suka hau tafi. Ni kuwa ina zaune da marainiya a cinya, wata bakwai da binne uwarta. Sai da tafin ya lafa na fahimta: a wurinsu ba ta mutu ba.

Da aka tashi na tare malamar. Ta ce su ba sa ganin suna, lamba kawai ake ba su. Sai nas ɗin awo ta ɗauko babban littafi ta buɗe. Ka san abin da aka rubuta gaban sunanta? Wai ta daina zuwa. Yarinyar da ko ruwa ake ba ta fashin awo! Sun jefa ta cikin mata masu sakaci, waɗanda malamar ta gama yi wa faɗa. Ashe shi ya sa duk wata saƙo ke shigowa wayarta, ana tuna mata ta zo a duba ta. Ni nake karantawa, da ɗan karatun nawa.

Na ce to a gyara mana. Malamar ta ce na'ura ba ta san abin da ba a rubuta ba. Na ce a kawo min na'urar in raka ta maƙabarta. Ta sunkuyar da kai, baiwar Allah, har na ji kunyar kaina. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma su sun leƙo daga nesa sun ce rufinmu lafiya lau. Kuma abin bai tsaya ga suna ba. Nas ta ce saboda sakamakon nan, motar ɗaukar marasa lafiya da aka yi mana alkawari wata unguwa za a kai ta, tunda mu ba ma mutuwa. Kai ka san tsawon lokacin da ka yi a bakin titi ranar da ta rasu kana neman tasi da rana tsaka.

Tun Larabar nan nake yawo, har takalmina ya tsinke. Ofishin rajista suka ce sai da takardar asibiti. Babban asibiti suka ce ba a hannunsu ta cika ba, ko kati ba a buɗe mata ba. Asibitin awo suka ce ai a gida ta haihu. A zuwa na uku magatakardan ofishin rajista ya ɗago kai ya dube ni, ya ce in kawo shaidar wanda yake wurin lokacin da rai ya fita, a rubuce, da kwanan wata da wurin da ta cika da sa hannu da kwafin katinsa. Mijinta yana hanya ranar, ni ina gida riƙe da jaririya. Kai ne ka riƙe kanta a bayan tasi, Auta. Ba wani sai kai.

Na san ba ka son zancen. Sau uku ina ɗauko shi a waya kana cewa layi ba kyau, alhali ina jin numfashinka. Ban ga laifinka ba, kai ka goya ta tana ƙarama. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Layi biyar ne kawai, ka daure ka rubuta ka aiko. Malamar ta ba ni lambarta, ta ce ƙarshen wata za su rufe rahoto, in takardar mutuwa ta fito kafin nan za su sake lissafi. Ƙanwar marigayiya ma cikinta wata biyar, a bakin titin nan dai za ta tsaya neman tasi.

Ka gaida min amaryarka da 'yan biyu. Inna tana sa maka albarka, Gwaggo ta ce ka yi ƙiba a hoto, surukinka ma yana gaisuwa. Allah ya jiƙan 'yarmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka. Har yau ba a rubuta mutuwarta ba, kuma ranar Litinin wani saƙon ya sake shigowa.