Littafin Sarkin da Malam Bai Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum Abba,

Ya aiki, ya iyali? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ka tuna littafin da mahaifinka yake rubutawa kan sarkin nan na kudancin Italiya da talakawansa suka yi wa bore? Jiya Baffanka ya kwashe takardun Malam ya ba mai ƙosan Ƙofar Guga, wai tarihin Turawa ba gado ba ne. Littafin kaɗai na ɓoye cikin buhun gero. Ya lura babu shi, ya ce Juma'a zai dawo. Ga ni cikin takaba, ba halin fita da shi.

Ka kira shi, kai yake jin nauyi. Malam ya tsaya daidai inda suka kewaye fadar, kai nake so ka ƙarasa.

A yi mana addu'a. Gaida Maryam da yara.

Mahaifiyarka