Mashin da Kuka Ji da Larabci

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin tsaron da mijina yake yi wa aiki a Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, Yallaɓai, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da ƙafafunku duka.

"Ai mijinki da bakinsa ya ce babu komai." Abin da jami'in ofishinka ya faɗa mini ke nan ran Litinin, yana juyo mini takarda a kan tebur don in gani da idona. Na kuwa gani. Sau huɗu ina zuwa neman ganinka ana cewa kana mitin, shi ya sa na rubuto a fili. Sunana Rabi'atu, ina koyarwa a wata makarantar yara a Abu Hamour. Larabci na karanta a jami'a, kuma ni na fassara maka wannan wasiƙa da hannuna, don kada a sake jin wani abu daban.

Na farko, abin da ya faru. Shekara uku da suka wuce, lokacin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a garin nan, wadda ake alfaharin ba a taɓa kawo irinta wannan yanki ba, kun tura mijina Habibu filin motsa jiki da ke bayan babban filin wasa. Aikin gadi kuka ɗauke shi. Amma ranar da maza masu jifan mashi suke gwaji, bayan la'asar, ma'aikata suka yi kaɗan, sai aka ce ya shiga ya riƙa tsinto mashi yana mayar wa 'yan wasa. Ba wanda ya gaya masa cewa idan mashi ya sauka a kwance ba ya cakewa a ƙasa, sulɓi yake yi a kan ciyawa kamar maciji. Ɗaya ya sulɓo ya huda takalminsa, ya shige ƙasan idon sawunsa na dama.

Na biyu, kalmar. Shugaban masu gadi, wani Balarabe, ya zo ya tambaye shi yaya yake. Watan Habibu biyar a ƙasar a lokacin. Larabcinsa na salla ne, sai "yalla" da "khalas". Ɗan Turancin da yake da shi kuma zafin ciwo ya kore. Ya nuna ƙafarsa ya ce, "Mashi, mashi." Yallaɓai, a Hausa mashi shi ne wannan dogon abu mai tsini da ake jefawa. A Larabcin garin nan kuwa, ka fi ni sani, "mashi" na nufin to, babu laifi, komai na tafiya. Shugaban ya dafa kafaɗarsa, ya rubuta a rahoto cewa ma'aikacin ya tabbatar har sau biyu lafiyarsa lau. Aka ɗaure ƙafar da bandeji, aka mayar da shi bakin ƙofa, ya ƙarasa aikin ranar a tsaye. A gasar nan an auna jifan kowane ɗan wasa har santimita. Ramin da ke ƙafar mijina ba a auna shi ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ciwon ya rufe a sama yana ci a ciki. Korona ta zo, kuka ajiye shi a ƙofar unguwar ma'aikata kusa da Asian Town, yana auna zafin goshin mutane tun safe har faɗuwar rana. Asibiti a lokacin na masu neman numfashi ne, kuma shi kansa kunya ta hana shi kai ƙafa inda ake mutuwa. Kullum da asuba nakan dafa ruwa da gishiri a ɗakinmu na Mu'aither in gasa masa. Yanzu ba ya iya zama a kan ƙafarsa a tahiya. Shekararsa talatin da huɗu, a kan kujera yake salla, a gefen sahu tare da tsofaffi.

Na huɗu, inda muke yau. Da gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta matso, kun sa aka duba lafiyar masu gadi. Likita ya ce ciwon ya kai ƙashi, sai an yi tiyata, an kuma ba shi rana bayan an gama gasar. Ya ce idan aka yi jinkiri fiye da haka, ba zai yi alkawarin ƙafar ba. Ku kuma kun rubuta cewa daga gida ya zo da ciwonsa, za ku soke takardar zamansa a ƙarshen watan nan. Jami'inka da kansa ya ce da a ce raunin aiki ne, da ba za a sallame shi ba sai ya gama magani. Abin da ya hana ya zama raunin aiki shi ne waccan kalma ɗaya.

Akwai shaida. Alhassan, ɗan Zangon Kumasi, direban motar ma'aikatanku, shi ya cire masa takalmin a ranar, ya zubar da jinin da ya taru a ciki. Ya ce mini, "Hajiya, ko a gaban wa zan faɗa, ai ba da Larabci jini yake zuba ba." Na kai shi ofis. Aka ce fom ɗin shaida ba shi da gurbin direba.

Roƙona uku ne, babu na kuɗi a ciki. A gyara rahoton, a rubuta abin da Habibu ya faɗa da harshen da ya faɗe shi. A saurari Alhassan. A dakatar da soke takardar zamansa har a yi tiyatar. Bahaushe ba ya wuya a garin nan. Ka kira kowane Bahaushe mai gadi daga ƙofarka ka tambaye shi mene ne mashi.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya tsare ka daga ranar da za ka yi kuka a rubuta cewa dariya ka yi.

Da zan fita ran Litinin, jami'inka ya riƙe mini ƙofa cikin ladabi, ya ce, "Mashi, madam?" Na dube shi na ce, "Mashi." Ya yi murmushi, ya rufe ƙofar, na sauko matakala na tafi. Da Hausa na faɗa, Yallaɓai. Kada a sake rubuta ta da Larabci.

Wassalam.

Rabi'atu, matar Habibu mai gadi,
Mu'aither, Doha.