Barkonon Inna a Kan Ƙyallen Jirgina

Talata Mafara, daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Alhamdu lillahi, ƙyallen ya fito. Tun hantsi nake nemansa kamar zan haukace. Shi ne ke kama iska ya tura jirgina, kuma na mai horar da mu ne, ya ara mini in yi atisaye a tafkin Bakolori kafin gasar tseren jiragen ruwa ta Legas ranar Asabar. Da ya ɓata, da an cire sunana, wahalar shekara shida ta tashi a banza.

Har masuntan bakin dam na tuhuma, Allah ya yafe mini. Da la'asar na hau soro, sai ga shi a shimfiɗe, barkono jajir a kansa.

Na ce, "Inna, wa ya kawo wannan nan?"

Ta ce, "Ni mana. Wanga tamfol naka ya fi tabarma daɗin shanya. Da almakashina na da kaifi, da na raba shi da Gwaggonka."

Na duba, ko huji babu, atishawa kawai nake sha. Gobe zan ba masunta haƙuri.

Wata biyu tana mitar in kai almakashin nan wurin maƙeri a wasa mata shi, ina mantawa. Yau na gode wa mantuwata.