Kwalaben da kake aiko wa Zuwaira

Zuwa ga Yayana Ilu, a can Libiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mutanen Gangara suna gaishe ka. Na kira ka har na gaji, da ka ji muryata sai ka ce layi ba kyau. Shi ya sa na rubuta a nan inda jama'a ke gani, ko wani ya isar maka.

Maganar idon 'yarka Zuwaira ce. Ka san tun tana ƙarama, da bazara ta kama sai idonta ya yi ja, ya koma ruwan ƙasa, ta yi ta murza har ya kumbura. Kai kuma ka shiga farmasi a can, ka kwatanta da guntun Larabcinka, aka miƙo maka kwalba, ka ba direba. Aka ɗiga, idon ya yi fari tas. Tun daga nan ba ka aiko dabino da shayi sai da kwalba a ciki.

Makon jiya ina tsakar gidanka, da rana tsaka, na ga Zuwaira ta yi karo da turmi. Turmin da ke wurin tun kafin a haife ta. Ban nemi izinin kowa ba, na ɗauke ta sai likitar Tanut, wato asibiti, wurin lokotoro mai duba ido.

Lokotoro ya juya fatar idonta, ya nuna mini ƙuraje jere kamar tsakuwa. Ya ce ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma ɗauka ake yi ba. Garkuwar jikinta ce ke da saurin fushi. Ƙurar sussuka, hayaƙin murhu, zafin rana, duk sai ta ɗauke su abokan gaba, ta saki abin da ke sa ƙaiƙayi da kumburi, in an murza kuma ta ƙara saki. Akwai maganin ɗigawa da ke kwantar da ita a hankali, amma sai an yi haƙuri da shi. Naka kuwa mai ƙarfin ne, wanda ake ba yaro na ɗan lokaci in ciwon ya yi tsanani, ana auna idon ana ragewa. In aka daɗe a kansa, ruwan cikin ido ya taru ya danne jijiyar gani, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Idonta na hagu ya riga ya tafi da yawa. Na dama ne ake iya cetowa, in an kai ta Damagaram da wuri.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ya ce yawancin yara, da sun balaga ciwon ke barinsu. Abin da zai wuce da kansa, shi ka sayo wa makanta.

Na gaya wa matarka Hajo. Amsarta ɗaya: "Maigida ya ce safe da yamma." Damagaram kuma ta ce yarinyar ba ta zuwa sai ka buɗe baki. Ban ga laifinta ba, haka muka tashi muka tarar. Laifinka nake gani, kai da ka ce mata a waya, "Wa ya fi Larabawa sanin magani?" Wanda ya sayar maka ko hoton yarinyar bai taɓa gani ba, Yaya. Da me ya auna idonta?

Ka manta kai ma da irin wannan idon ka tashi? Yaran unguwa har tsokanarka suke yi. Inna, Allah ya jiƙanta, takan tsoma ƙyalle a randa ta shimfiɗa maka a fuska, ta riƙe hannuwanka biyu tana cewa, "Kar ka murza, Ilu." Ni ce mai canza ruwan. Gemu na fito maka, ciwon ya tafi. Ga shi yau da idon nan kake ɗora gini a ƙasar mutane.

Na san ba mugunta ba ce. Kana nesa, kana jin kukanta a waya, hannunka bai kai ba, sai kwalbar ta zama hannunka. Na san bakinka kake hanawa ka saya. Shi ya sa nake fushi ina hawaye.

Ka kira Hajo yau. Ka ce ta ba ni yarinyar da kwalbar mu tafi Damagaram, lokotoro ya janye maganin yadda ya kamata.

A mota muna dawowa daga Tanut, Zuwaira ta ba ni saƙo. Ta ce, "Gwaggo, in Baba ya dawo, ki ce ya tsaya ta hannun damana, don in gan shi tun daga ƙofa."

Allah ya tsare ka, ya sassauto da zuciyarka, ya bar mata idon da za ta tarbe ka da shi. Amin.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Balki