Goɗiyar Marva

Litinin, 2 ga Agusta
Dawakan daji sun sake tattake idon ruwan Cottonwood, ya koma taɓo. Shanuna na lasar laka, dokar jihar Nevada kuma ta ce kar in kori dawakan, kar in taɓa su. Waɗanda suka rubuta ta ko saniya ba su taɓa shayarwa ba. Ni da maƙwabcina Delbert mun sake kai ƙara.

Alhamis, 12 ga Agusta
Dolly ta ɓalle ta shingen arewa. Goɗiyar matata marigayiya Marva ce, ita kaɗai ta rage mini daga gare ta. Na hango ta cikin garken daji, wai ita ma 'yar daji ce, da tsufanta.

Asabar, 21 ga Agusta
Ƙararmu ta ci. Jirgin gwamnati mai saukar ungulu ya kora dawakan dajin cikin tarko. Delbert har da jefa hula sama. Da yamma na gane an haɗa da Dolly.

Talata, 24 ga Agusta
Na je shingen gwamnati inda aka tsare dawakan. Orval, mai duba shaidar dabbobi, ya shafa cinyar Dolly, babu tabon ƙarfe. Marva ce ta hana a ɗana mata wuta, ta ce ba a ƙona aboki.
“Dokin da ba shaida na jiha ne, kai ma ka sani,” in ji shi. “Ba kai ke mana karatun doka a taro ba?”
Na ce, “Haba Orval, ka ci abinci a teburinmu.”
Ya kalli ƙasa. “To kira ta. In ta zo, ban ga komai ba.”
Na yi fito irin na Marva. Na kira sunanta har muryata ta dushe. Ta ɗaga kunne, ta dube ni sarai, sannan ta ƙara matsawa jikin wani ramammen ingarma. Na ji kunya, na ji haushi, kuma na kusa kuka a gaban ma'aikata.

Laraba, 25 ga Agusta
An loda dawakan a mota, har da Dolly. Ba wanda ya gaya mini ina za a kai su.

Lahadi, 5 ga Satumba
Ruwa ya kwanta tas, shanu sun sha sun ƙoshi. Delbert ya biyo, wai gobe akwai taron neman a kwashe sauran garken dawakan kudu.
“Shirya da wuri, tsoho, bakinka ake ji.”
Na ce motata ta lalace. Ya ce zai ɗauke ni. Na ce bayana ma yana ciwo.