Turmin Inno

Birmingham, Afrilu 2013

Yaya Maharazu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Asama'u da yara. Ya gajiyar Innarmu? Ni dai nauyi ya kai nauyi, haihuwa ko yau ko gobe.

Maigidana Injiniya ya dage shi zai zo Manchester ya ɗauko Inno a jirgin saman nan nasu, ɗan mitsitsin da shi da abokansa suka haɗa hannu suka saya, wanda ya girmi duk masu shi. Sau ɗaya na shiga. Warin fetur ya tayar min da zuciya, ƙofar kuma sai an dake ta take rufuwa. Ana ta rage mutane daga aiki, ƙaramar hukuma ta rufe mana laburare, shi kuwa kullum Asabar yana can yana shafa akwala. Abin haushi.

Uwa ɗaya gare mu, Yaya. Inno ta taso daga Gombe don ta yi min wankan jego, ba don a gwada jirgi da ita ba. Don Allah ka sa ta a jirgin ƙasa.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu

Birmingham, Mayu 2013

Yaya Maharazu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, saƙon barka ya iso, na gode. Jaririya Batulu tana lafiya. Hannun Inno da sauƙi, amma har yanzu yana cikin filasta.

Ba ku ji maganata ba, kuma da idonka ka ga jirgin yana ta gudu ya kasa tashi, har ya zarce ya afka shingen gonar mutane, Inno ta karye a hannu. Ina gadon asibiti ina tsine wa akwalar, Injiniya yana gyaɗa kai yana taya ni.

Ashe ƙarfen mutane na zalunta. Masu bincike sun duba, sun ce injin lafiyarsa ƙalau, nauyi ne ya yi yawa. Ƙaramin jirgi, kafin ya tashi, sai an san nauyin kowa da na kayansa. Injiniya ya fi kowa sanin haka. Da na matsa masa, wai shi ba zai iya duban surukarsa ya tambaye ta nauyinta ba, sai ya yi kintace, kuma ya rage mata don ladabi. Ga gero, ga kanwa, ga man shanu, ga turmin da ta sha wahalar kawowa don kununa. Wai da wane baki zai ce ta bar su? Kai ma da hannunka ka cusa turmin a baya, Inno ta faɗa min.

Tir da wannan kunya. Mutum ya ji nauyin tambaya ɗaya, amma bai ji nauyin mayar da ni marainiya ina kan gwiwa ba. Abin da ya fi ƙona min rai, Inno sai yabonsa take yi wa 'yan barka, wai irin surukinta mai kunya ya yi ƙaranci.

Turmin ko tsagewa bai yi ba, yana kicin, babu mai hannun daka. Matar da ta ƙetaro duniya don ta yi min wanka, yanzu kullum safe ni nake ɗaure mata hannu a leda, in zaunar da ita, in yi mata.

A gaida Anti Asama'u.

Ƙanwarka,
Ruƙayyatu